Ranar da Gawa Ta Yi Tari

A bayan tsohon ofishin gona na Bunza na same ta,
a-kori-kura mai ja da ƙafa huɗu,
ta durƙusa kan duwatsu kamar taguwar da ayari ya manta.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba,
zanzaro ya yi gini cikin salansa,
tsatsa ta ci bodi har tafasa ta tsiro ta cikin ramin.
Kuɗin ɗan maraƙi na biya.
Tarakta ta jawo min ita gida, yara na bin mu da ihu.

Tumba ta leƙo daga madafa, ludayi a hannu:
"Shekara talatin da biyar kana ba masu rai magani,
yanzu kuma gawa kaka jinya?"
Ban tanka ba.
Ina neman sifana mai lamba sha huɗu.

Ba ta san tun da na bar ɗakin magani
hannuwana ke farkawa kafin ni ba,
su yi ta lalube a kan tabarma,
ba kwalba, ba allura, ba wanda ya ce wayyo.

Na kwance kafireto, na jiƙa shi a kananzir
cikin tsohon kwanon shana.
Lagireto ya zama rariya,
sau uku Arzika mai walda na toshe shi a Jega,
sau uku yana yi min fitsari a tsakar gida.
Haƙoran giyar gaba kuwa sai Kamba,
wajen wani Bazabarme mai ido ɗaya,
ya miƙo min su a takardar siminti
kamar mai ba da tsarabar kilishi.

Jikata Hajo ce mai riƙe tocila.
Noti da kusa tana tara su a gwangwanin madara,
ta san sha biyu daga sha huɗu da ido kawai,
ita da malamin lissafi ke kuka da ita.
Rannan fulogi ya faɗa cikin yashi,
muka tankaɗe rabin tsakar gida da rariyar Tumba.
Wannan maganar har yau ba ta mutu ba.

Damina uku.
Farcena ya manta launin da aka haife shi da shi.

Sai wata Laraba bayan la'asar,
da batir na aro, na murɗa makulli.
Shiru.
Na sake. Ta yi tari,
irin tarin tsoho mai shan taba,
ta tofar da baƙin hayaƙi, awaki suka tsallake danga,
sannan ta kama gurnani, ƙasa na rawa ƙarƙashin ƙafata.
Tumba ta ce, "To, ta tashi,"
ta koma ciki, amma na ga haƙoranta.

Da kaka muka gangara fadama.
Inda sauran motoci ke tsayawa a tudu suna kallon laka,
na ja ƙaramin sandan nan na gefen giya.
Ƙafa huɗu suka ciji taɓo lokaci guda.
Buhu goma sha ɗaya na shinkafar Manu Kakale
muka fitar, Hajo na zaune a kai kamar sarauniya.
Ya miƙo kuɗi, na ce ya mayar aljihu.
Wani dillali ya taya, na ce ya taya wata.

Daren nan barci ya ƙi ni.
Mara lafiya ya warke, an sallame shi,
me ya rage wa mai jinya?

Da asuba, dawowa daga masallaci,
na duƙa na haska ƙarƙashinta.
Ga ɗigon baƙin mai a kan yashi,
faɗinsa bai wuce kwabo ba.
Na daɗe ina kallonsa.

"Hajo! Tashi.
Ɗauko min sha huɗu."