Dare na Tara a Fadamar Auyo

Faɗinta bai kai tafin hannuna ba,
'yar kwamfutar da Jazuli ya aiko min daga Kano
cikin kwalin sabulu, naɗe da tsumma.
Na ɗaure ta a gwangwanin madara, gindin giginya,
na ja mata wuta daga batirin sola,
na ce: shida na safe ki tada famfo, takwas ki kashe.
Iyakar aikinki ke nan.
Baba ya iso da fartanya, ya tarar da ruwa na jiransa.

Sati uku tana jin magana.
Ran Laraba muka iske fage huɗu na albasa sun zama tafki,
kwaɗi na ta biki a ciki.
Famfo ya tashi kafin asuba, ba mai juya ruwa.
Baba ya dubi fagen, ya dube ni, bai ce uffan ba.
Da zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kaina na fara tuhuma.
Layi saba'in da ɗaya na umarnin da na rubuta,
na bi su kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa.
Na kama wani waƙafi a inda ba gidansa ba,
na cire shi, na sayi tsire don murna.
Cikin dare famfo ya sake tashi.

Na koma kan katin memori, na wanke shi tas,
na hau tudun bayan makaranta, inda kaɗai sabis ke tsayawa,
na sake zuba masa komai. Datar ɗari biyar ta tafi.
Ba shi ba ne.
Na kori tururuwa daga ƙafafun allo,
na narka dalma, na ƙona yatsa,
na sauya jar waya, na sauya baƙa.
Mita ta rantse bolt biyar ne cif,
amma shaidar rana ce, ba ta san dare ba.

Inna Tabawa ta ce fadama da masu ita.
Ban yi gardama ba. Dabara ta kusa ƙare min.

Dare na tara na kwanta a bukka, sauro na rabon jinina,
idona a kan 'yar fitilar nan.
Kore, kore, kore.
Bayan lisha sai ga Kawu Ɗanlasan mai gadi,
tocila a baki.
Ya zare kebul ɗina a hankali, kamar mai cire ƙaya,
ya soka cajar sabuwar wayarsa,
ya miƙe ƙafa yana kallon dambe.
Da ta cika ya mayar, ya shafa gwangwanin:
"Sannu, yarinya. Na gode."

Na fito, na buɗe rahotonta a gabansa.
Ɗaya ga Janairu, alif ɗari tara da saba'in.
Ashe ba ta da agogo a jikinta.
In wuta ta ɗauke, sai ta farka jaririya,
ta soma ƙirge daga tsakar daren wata shekara can,
bayan awa shida ta ce gari ya waye.
Ba ta taɓa saɓa min ba. Lokaci ne ya ɓace mata.

"Saba'in?" in ji Kawu. "Shekarar da aka yi min shayi!"
Ya yi ta dariya har da tari.

Ran kasuwa na samo mata ɗan agogo
mai batir kamar kwabo.
Na ja wa Kawu soket nasa na kansa, na ɗaura masa jan zare.

Da safe ruwa ya zo a kan kari.
Baba ya buɗe bakin fage, bai ɗago kai ba, ya ce:
"To, ita ka gyara, ko Ɗanlasan?"