Laima Ɗaya

A Maiwurno, bakin Bahar Azraƙ,
talabijin guda ce a duk layinmu,
a gidan Tukur mai gyaran rediyo.
Da batirin mota take numfashi.
Bayan la'asar mukan cika rumfarsa,
mu goma sha biyu a kan angarib ɗaya,
igiya tana kuka, ba mai tausaya mata.

Katun ɗin daga Jafan ya taso,
amma a hanya ya koyi Larabci,
ya iso mana da sallama a baki.
Akwai yaro mai gashi kamar bushiya,
da yarinya mai ido kamar faifai.
Muryar da ke ciki ta ce ƙanwarsa ce.
Muka yarda.

Ummahani ce ta ƙi.
Shekarunta tara, bakinta ya fi shekarun.
Ta ce, in ƙanwarsa ce,
don me kumatunsa suka sake launi
da ta miƙo masa ƙunshin shinkafa?
Ni kullum nakan miƙa wa Sidi kisira,
ko kallona ba ya yi.
Talabijin ɗin ba ta san ja ba,
toka-toka take nuna shi,
amma Ummahani ta gane ja ne.

Ranar da aka yi ruwa a cikin akwatin,
su biyu suka tsaya a ƙofar makaranta,
laima ɗaya a hannun yaron.
Ya buɗe ta.
Sai ga gari ya waye.
Muka ce Tukur ya taɓa waya,
ya rantse bai motsa ba.
Ashe almakashi ne ya riga mu wucewa ta wurin,
can wata ƙasa, a hannun wani mai ’ya’ya.

Shekara talatin na yi da wannan giɓi a ka.
Bara na same shi a waya, ba yanka,
na kulle ɗaki kamar mai shirin laifi.
Ga abin da aka ɓoye mana:
tafiya suka yi.
Ya karkata laimar wajenta,
kafaɗarsa ta hagu ta jiƙe sharkaf.
Ita ta gani, ta dubi takalminta.
Ko hannu bai taɓa hannu ba.
Daƙiƙa arba'in, sai ƙarar ruwa.

Na yi dariya har na share ido.
Masu zanen sun riga sun rufe tukunya,
masu fassara suka zo suka ɗora faifai,
suka ɗora dutse a kan faifan.
Kunya ta haɗu da kunya a hanya,
ba wadda ta gane ’yar'uwarta.

Sai na tuna Inna Gambo.
Sau ɗaya ta taɓa leƙowa rumfar,
ta zo kiran mu cin tuwo.
Ta dubi yaron, ta dubi yarinyar,
ta ce, wannan ɗan gidan mutunci ne,
ta juya.
Ita da ta yi shekara arba'in da kakanmu
ba ta taɓa kama sunansa ba.
Shi, take cewa. Shi ya dawo?
In ya hau daga kogi da komarsa a jiƙe,
jabanarsa ta fi ta kowa citta,
kuma ƙaramin kofin nan mai tsaguwa
ba mai sha da shi sai ita,
don kada ya faɗa hannunsa.

Jiya Rumaisa'u tana kallo a cinyata,
wani sabon katun, mai launi har ya yi yawa.
Ta ce, Baba, wannan yayanta ne?
Uwarta tana tsince shinkafa a bakin ƙofa,
na ji hannunta ya tsaya a cikin tire.

Na ce, dubi kafaɗarsa tukuna,
ki gaya mini in ta jiƙe.