Kiwon Abin Da Ido Ba Ya Gani

Mai shagon nan na Ikeja bai gaya mini ba.
Ya dai ƙulle leda, ya ƙirga kuɗinsa,
ya ce, "Mandarin ke nan, Hajiya, dubi kyau."
Kyau kam akwai:
shuɗi da kore da ruwan goro,
atamfar da ta kwana a ruwa ba ta zuba ba,
ga fiffike yana kaɗawa
kamar mai fifita garwashi.

Kwana tara ina barbaɗa masa abincin gwangwani.
Sauran kifaye na wawaso a sama,
shi yana ƙasa yana bin dutse,
ya tsaya, ya ƙura ido,
ya sumbaci wani rami, ya wuce.
A na goma na ga cikinsa ya lotsa.

Ashe cimarsa mai rai ce,
wata ƙumar teku da ba ta kai ƙwayar acca ba,
kuma sai ta motsa yake yarda da ita.

To ga ni nan, ni Barira,
mai harhaɗa magani a Idi-Araba,
da robobi bakwai a bakin taga
cike da koren ruwan gishiri.
Ina yi wa ƙuma noma,
ta ƙoshi, ta hayayyafa, shi ya tsinta.
Iya Tunrayo ta leƙo ta baranda
tana tambaya ko jiƙon shawara ne.
Na ce na ƙwari ne.
Ta tafa hannu ta koma.

In aka ɗauke wuta ƙarfe biyun dare
ba shirun fanka ke tashe ni ba,
shirun famfonsa ne.
Sagir ya ce man janareta
ya ninka kuɗin kifin sau biyar.
Gaskiya ya faɗa.
Na sauka na ja igiya.

Na dawo na haska gilashi da fitilar waya,
ina ƙirga fararen ɗigo masu tsalle:
ashirin da ɗaya, ko da biyu.

Haka Inna ta yi mini
shekarar da ta zo Legas jinya.
Mako biyu tana kallon faranti
har sai da na samo daddawa a Agege.

Teku na nan kusa,
awa biyu in hanya ta cushe,
amma ba nasa ba ne.

Yau da asuba ya fito daga bayan dutse,
cikin ya ɗan taso.
Bai ko dube ni ba.
Yana kiwo.