Dajin Da Ba Ya Cizo

Sha ɗayan dare, Ƙofar Marusa ta yi tsit,
janaretan mai shayi ne kaɗai ke tari.
Na rufe shago, na goge dalma daga yatsuna,
na jona waya a caji,
na ɗauki takobi, na shiga daji.

Daji, wai!
Kura ta gan ni ta tsaya cak, kamar mai layin fetur.
Sara ɗaya ta faɗi, har da zubar min da zinariya.
Dodon kan tsauni, wanda bara sai mun taru mu bakwai,
ni da Mannir da wani ɗan Legas da ba mu san fuskarsa ba,
mu mutu, mu tashi, mu sake mutuwa har kiran assalatu,
yau da hannu ɗaya nake kayar da shi,
ɗayan hannun na cikin ledar ƙuli-ƙuli.

Na ce wa Mannir: sun cire wa dajin haƙora.
Tuwon da ba a sha tuƙi ba, ina daɗinsa?
A da in na hango baƙo a bakin kogi
matsowa nake yi, don na san ni kaɗai ba zan ƙetare ba.
Tsoro ne ya ƙulla mana zumunci.
Yanzu kowa na wuce kowa kamar 'yan acaɓa,
ko sallama babu.
Wa ke neman ɗan'uwa a hanyar da ba ƙaya, ba maciji?

Mannir ya yi tsaki: kai datar wata kake saya.
Ni ta ɗari biyu ce.
Sabis ya ɗauke, kafin ya dawo an cinye ni,
garkuwar da na yi sati uku ina tara kuɗinta ta tafi.
Wahalar da kake roƙo
ni kullum kyauta ake ba ni, har da gyara, ba ciniki.

Da safe na kai ƙara wajen yayata.
Rumasa'u ta dawo daga aikin dare a asibiti,
ko farin takalmin ba ta cire ba,
tana kishingiɗe, waya a hannu.
Na leƙa: dokinta na tafiya a hankali cikin ciyawa,
ba yaƙi, ba komai,
tsinkar furanni take yi, tana kama kifi.
Na ce: wannan ai ba wasa ba ne, yawon shan iska ne.

Ba ta ɗago ba. Ta ce: yaushe rabonka da gonar Baba?
Na yi shiru.
Tsamiyar nan ta bayan Batsari da ka faɗo ka karye,
shekara nawa ba ka gan ta ba?
Na ƙirga a zuci, na kai shida, na daina.
Ta ce: daji mai haƙora ni na san shi.
Shi ke aiko min da mutane a bayan a-kori-kura,
ni ke wanke abin da ya rage, ni ke ɗinki.
Ka bar min guda ɗaya, ko na ƙarya ne,
da zan shiga bayan magariba
in fito da ƙafata, ba wanda ya kira gida neman kuɗi.

Ban ce ta fi ni gaskiya ba.
Har yanzu ina kewar dodon da ke sa tafina gumi.
Amma daren nan na tuɓe sulke, na ajiye takobi,
na ɗauki sandar da aka ba ni ranar farko.
Kura ta biyu ta yi kaca-kaca da ni,
na yi dariya ni kaɗai a shago.

Da na tashi, a bakin kogi aka dawo da ni.
Ga dokin Rumasa'u a ɗaure, ga ta da fatsa.
Na zauna gefenta ba sulke, ba takalmi.
Ta rubuto: kar ka yi motsi,
za ka kora min kifi.