Waken Aji Huɗu

Ran Litinin Malama Luba ta shigo da kwano rufe da faifai,
munka miƙa wuya, muna zaton hoce ne.
Ta buɗe: farin wake, awon Tsohuwar Kasuwa.
Ta ce, kowane benci gwangwani guda,
kowane gwangwani ƙwaya bakwai.

Bencinmu na mutum uku ne, mu huɗu ke bisa:
ni, da Haliru mai tauna gindin biro,
da Modi da ke gyangyaɗi ido buɗe,
sai Tukur a baki, rabin jikinsa a iska.
Munka huda gwangwanin madara da ƙusa,
munka ɗebo ƙasa gindin dogonyaro,
Modi ya tofa bisimilla, ya danna da ɗan yatsa.

Takwas anka jera bisa taga.
Ɗaya anka hana wa ruwa.
Ɗaya anka kulle cikin kabad,
tare da tsintsiya da taswirar da gara ta ci wa Argungu.

Kwanaki sunka bi juna kamar layin asambuli.
Shara da safe, duba farce, kiran suna,
Kulu ta ce “Ga ni” sau biyu, har da na ƙawarta.
Sai jadawalin sau, muna rera shi har kwano na amsawa.
Bakwai sau takwas? Tukur ya miƙe:
hamsin da huɗu.
Kullum hamsin da huɗu, kamar bashin da ya rantse a kai.

In an bugi ƙarfen taya an tashi tara,
wasu su ruga wurin mai awara,
ni in tsaya da murfin gora, ina ɗiga ruwa,
ruwan da na hana wa maƙoshina
a zafin Sakkwato mai narka takalmin roba.

Ran Alhamis ƙasa ta tsage.
Wani farin ƙugiya ya leƙo, ya sunkuyar da kai,
ɓawonsa bisa ka kamar hular da ta yi kaɗan.
Na ɗora rula, na rubuta bayan littafi:
santimita ɗaya. Sannan huɗu. Sannan tara.
Wanda anka hana wa ruwa bai ce uffan ba.
Na kabad ya yi tsawo, fari fat, siriri,
kamar wanda zazzaɓi ya kwantar wata guda,
ya karkata wuya wajen tsagar ƙofa.

Asabar ta wuce, Lahadi ta wuce.
Litinin munka iske gilashin taga a ƙasa,
kara-kara tsaye babu ganye ko ɗaya,
jar akuyar maigadi kwance a inuwa
tana tuƙa, tana kallonmu, ko kunya babu.

Inno ta fashe da kuka.
Malama ta danne dariya da bakin mayafi,
ta ɗauki alli, ta zana rana, ta ja kibiya:
rana ta ciyar da wake, wake ya ciyar da akuya,
to, wa zai ci akuya?
Haliru ya ce, mu, in Allah ya kai mu layya!

Ta juyo: gwangwani takwas, tsiro bakwai-bakwai,
nawa ɓarauniya ta haɗiye?
Tukur ya tashi, ido ja, yana huci,
ya ƙirga kututture ɗaya bayan ɗaya,
ya buga benci: hamsin da shida!
Aji ya kaure da tafi.
Ya zauna, bai yi murmushi ba.

Munka fito da majinyacin kabad,
munka aza shi bisa teburin Malama,
inda rana ke taɓawa kafin azahar.
Yau Laraba. Gefen ganyensa ya fara kore.
Tukur ke gadinsa da tsintsiya a hannu,
ni kuma na buɗe sabon shafi, na ja layi.