Makullan Gidan Gishiri

Ungo makullan, Belmiro. Bakwai ne.
Na bakwan ba ya buɗe komai yanzu,
amma kada ka yar.

Kafin littafi ya taka gidan nan
kifi ne ya riga shi shiga.
Nan ake barbaɗe shi da gishiri, a danna a ganga.
Shi ya sa in ruwan hunturu ya daɗe yana zuba
bango ke gumi, ya fito da fari-fari.
Lasa ka ji, in kana musu.

Mai gidan, Amílcar Seixas, ko baƙi ɗaya bai sani ba.
Ɗansa ya bi jirgin kamun kifi, teku ta riƙe shi,
ya bar akwati guda, littattafai arba'in da biyu.
Tsoho ya rasa yadda zai yi da su,
sai ya share kusurwa, ya kafa katako,
ya ce mai ido ya zo ya karanta,
amma da ƙarfi, don shi ma ya ji.
Mafarin ke nan.
Sauran, da yayyafi kogi kan cika.

A bene akwai kundayen jiragen ruwa,
iska kaza, kifi kaza, wane ya faɗa ruwa da asuba.
Akwai wasiƙun waɗanda suka tafi Faransa neman abinci,
duk sun ce baɗi za su dawo.
Akwai ganyayen da wani likita ya matse a takarda,
da jaridar garin nan,
wadda ta fito sau goma sha ɗaya ta mutu.

Zamanin da bango ke da kunne,
aka aiko da jerin littattafan da za a ƙone.
Dona Leopoldina, wadda na gada,
ta ce to.
Da dare ta ɓare musu riga, ta ɗinka musu wata,
ta rubuta a gadon baya: Farashin Kifi.
Sufeto ya zo sau uku.
Wa zai buɗe farashin kifi?
Makullin kabad ɗin ne na bakwai.
Kabad ɗin kuwa kogi ya tafi da shi.

Ka ga layin nan daidai ƙirjina?
Nan ruwa ya tsaya a shekarar ambaliya.
Matan kasuwa suka jeru tun daga ƙofa har coci,
hannu na miƙa wa hannu.
Sati biyu garin nan ba a shanya riga ba,
igiyoyi duk littattafai ne.
Wasu har yau a kumbure suke, ba sa rufuwa.
Bar su haka, sun sha wuya.

Ran Alhamis mota ke hawa ƙauyukan dutse.
Ka sa masu manyan baƙaƙe, idanu sun tsufa can.

Wani dattijo zai zo, Tibúrcio,
zai nemi kundi na sha tara, shafi ɗaya tak,
inda aka rubuta sunan ubansa.
Kada ka tambaye shi kati.
Ka jawo masa kujera, ka nemi abin yi.

Shekara talatin da takwas.
Ban karanta ko rabin rabinsu ba,
amma na san kowanne da nauyinsa a hannu.

Tagar kusa da taswira ba ta rufuwa sai da duka.
Ka daka mata, ta saba.