Abin da Ya Taɓa a Hanya

Baba Hamajoda ya zo da sassafe, ya ƙi zama.
Ya ce, "Yarinya, kwamfutarki maƙaryaciya ce.
Bashin Sali buhu tara ne na albasa.
Na duba, ta ce goma.
Na sa ɗana ya duba, ta ce sha ɗaya.
Yaushe bashi ya fara haihuwa don an kalle shi?"

Kwana uku ina bin sawu
a ɗakina na Rumde Ajiya, ƙarƙashin kwano,
fanka na tuƙa zafin Maris kamar tuwo,
wutar Lagdo ta zo, ta ɗauke, ta dawo.
A layi na ɗari huɗu da bakwai na kama shi:
wani ɗan aike da na rubuta bara da hannuna,
na raɗa masa suna Duba.
Aikinsa ya je ya gano, ya dawo ya faɗa.
Amma duk tafiya sai ya miƙa hannu
ya ƙara ɗaya a wani adadi,
don in san sau nawa aka aike shi.
Ni na koya masa. Na manta.
Adadin kuwa akushi ɗaya suke ci da bashin Sali.

A Marwa, Malama Astajam ta taɓa ce mana
akwai harsunan kwamfuta da ba sa lamuntar haka.
A can ɗan aike sikeli ne:
ɗora masa biyu, ya ce biyu,
yau, gobe, ranar sallah, ko Binuwai ya cika ya batse.
Bai san ƙarfe nawa ba.
Bai san wa ya hau shi kafin kai ba.
Ba ya riƙo, ba ya tsegumi, ba ya barin sawu.
Wannan suke kira tsarki.
A lokacin ina bayan aji ina gyangyaɗi.

Na rushe, na sake gini.
Kowane ɗan aike na ƙwace masa aljihu:
abin da aka danƙa maka, da shi za ka yi aiki,
abin da ka samo, a tafin hannu za ka kawo.
Lissafi ya kwanta kamar ruwan randa.

Sai na ga wani abu.
Masu tsarkin nan ba mai iya buga rasit,
ba mai aika wa Sali saƙo a waya,
ko ranar yau ba su iya tambaya.
Suna zaune da gaskiyarsu a ciki,
kwamfuta na ɗumi, duniya ba ta ji ba.

Don haka na yi wa gidan zaure.
Duk mai taɓa duniya, nan zai tsaya:
mai duba agogo, mai rubutu a kundi, mai buga takarda.
Kowannensu da shaida a jikin sunansa,
kamar marini da hannunsa ke tona shi.
Ba a kore su ba. An dai san inda suke zama.

Ran Alhamis na hau babur, na haye gada,
kuɗin buhu biyu ƙulle a bakin mayafi,
domin Sali ya riga ya biya sha ɗaya.
Bai yi musu da na'ura ba, shi da bai yi boko ba.
Na same shi yana ban ruwa a fadama.
Ya ƙirga sefar sau biyu, ya yi godiya,
ya ce akuyar da ya sayar don ya cika
tana da ciki, wani mahauci a Pitowa ya saya.

Kuɗi sun koma inda suka fito.
Akuya ba ta komo ba.

Na dawo da yamma, dorina na huci a ƙasan gada.
Na wanke hannu, na buɗe kwamfuta.
A cikin gida kowa na nan tsaf, ba wanda ya taɓa kowa.
Ni na ja tabarma na zauna a zaure.